Imam Muhammadu Sanusi na Tilimsan: Malamin da ya kore wa wuta ikon ƙonawa

Akwai wani ɗan littafin tauhidi da bai wuce 'yan waraƙoƙi ba, wanda ɗaliban ilimi suka daɗe suna haddacewa a zaurukan malamai na ƙasar Hausa da Barno. Sunansa Ummul Barahin, wasu kuma sukan kira shi Sugura ko Sanusiyya. Mutane da yawa sun san siffofi ashirin da littafin ya jera a matsayin waɗanda suka wajaba ga Allah Maɗaukakin Sarki, amma kaɗan ne suka san mawallafinsa. Wasu ma sukan ɗauka shi ne Sanusin da ya kafa ɗariƙar Sanusiyya ta Libiya, alhali kuwa wancan, wato Muhammad bin Ali, sai a 1787 aka haife shi, kusan shekara 300 bayan rasuwar wannan.

Cikakken sunansa Abu Abdullahi Muhammad bin Yusuf bin Umar bin Shu'aibu as-Sanusi. Ana danganta shi da ƙabilar Bani Sanus, mazauna duwatsun da ke kudu maso yammacin Tilimsan, a yammacin ƙasar Aljeriya ta yau. A Tilimsan aka haife shi. Masu tarihi sun saɓa a kan shekarar: wasu sun ce 832 bayan Hijira, wato wajen 1428, wasu kuma sun kai ta 838 ko 839. Birnin a lokacin shi ne fadar sarakunan Banu Zayyan, kuma zango ne babba na ayarin da ke ratsa Sahara zuwa ƙasashen baƙar fata. Sarautar ta riga ta yi rauni, maƙwabta na gabas da na yamma suna ta yi mata katsalandan, Turawan Fotugal kuma sun ƙwace Sabta tun 1415. Amma makarantun birnin suna cike, malaman Andalus da ke guje wa faɗuwar garuruwansu suna ta sauka a cikinsa.

Ya fara karatu a gaban mahaifinsa, sannan ya yi fiƙihu a wajen ɗan'uwansa na wajen uwa, Ali at-Taluti. Jerin sauran malamansa yana da abin lura ga wanda yake son ya gane inda tunaninsa ya dosa. Ya karanta mandiƙi da usulu a wajen Muhammad bin al-Abbas. Ya koyi lissafi da rabon gado a wajen al-Ƙalasadi, mutumin Andalus da ya yi suna wajen taƙaita lissafin aljabara da alamomi. Ya koyi aiki da usturlabi, wato faifan tagulla da ake auna tsayin rana da taurari da shi don sanin lokutan salla da alƙibla, a wajen al-Habbak. Ya tafi birnin Aljaza'ir ya ɗauki hadisi a wajen Abdurrahman as-Sa'alibi, ya kuma je Wahran inda Ibrahim at-Tazi ya shigar da shi tafarkin sufaye. Yana da shekara 19 ya rubuta sharhi a kan littafin al-Haufi na rabon gado. An ruwaito cewa da malaminsa al-Hasan Abarkan ya ga aikin, sai ya shawarce shi da ya ɓoye shi har sai ya manyanta, don gudun kambun baka.

Littattafansa na aƙida ya tsara su ne kamar matakala. Akwai babba, Kubra, da matsakaici, Wusɗa, da ƙarami, wato Ummul Barahin, da wanda ya fi shi ƙanƙanta, sannan Muƙaddimat, kuma shi da kansa ya yi musu sharhi. Mas'alar da ta ratsa su duka, wadda kuma ta fi jawo masa magoya baya da masu suka, ita ce ta sababi: idan aka ce wuta ta ƙona, abinci ya ƙosar, wuƙa ta yanka, magani ya warkar, wane ne ainihin mai aikin?

Ya raba hukunci gida uku. Akwai na shari'a, wanda ake sani ta hanyar wahayi. Akwai na hankali, wanda ba ya buƙatar gwaji, kamar sanin cewa ɗaya rabin biyu ne. Sai na al'ada, kuma a nan ya daɗe. Hukuncin al'ada a wurinsa shi ne mutum ya ga abu biyu suna ta zuwa tare, sau da yawa, har ya ƙulla su a zuciyarsa. Duk lokacin da wuta ta taɓa auduga sai a ga toka. Abin da ido ya gani ke nan, haɗuwa da maimaituwa. Ido bai taɓa ganin wani iko yana fita daga wutar yana shiga audugar ba. Saboda haka, a ganinsa, Allah ne yake halittar ƙunar a daidai lokacin da wutar ta taɓa, ba wutar ce ke samar da ita ba, kuma Wanda ya saba haɗa su yana da ikon raba su, kamar yadda wuta ta zama sanyi ga Annabi Ibrahim (AS).

Wannan ba sabon ra'ayi ba ne. Tafarkin Ash'arawa ne, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya kafa misalin wuta da auduga a raddinsa ga masana falsafa. Abin da Sanusi ya ƙara shi ne tsari da kaifi, da kuma sauko da maganar daga manyan littattafai zuwa abin da yaro zai haddace. Ya bambance masu aiki iri uku da hankali zai iya ƙaddarawa. Na farko shi ne abin da ke tilasta sakamako ba tare da jiran komai ba, kamar yadda motsin yatsa ke tafiya da motsin zobe. Na biyu ɗabi'a, wadda takan jira sharaɗi da gushewar abin da ke hanawa, kamar wuta da ba ta cin itace sai ta taɓa shi kuma ya zama busasshe. Na uku mai zaɓi, wanda in ya so ya yi, in ya so ya bari. Ya ce biyun farko suna ne kawai babu su a haƙiƙa, na ukun kaɗai ke akwai, kuma Shi ne Allah.

A kai maganar gona, a ce a Roni, cikin masarautar Kazaure, inda manomi ke jiran ruwan shuka ya sauka ya jiƙa ƙasar da ke gindin duwatsu. Ya sare rami, ya jefa ƙwayoyin gero, ya taka da diddige. Ya kai taki, ya yi noman farko, ya yi maimai. Bayan wata uku ga zangarniya. Idan wannan manomi ya ƙudurce cewa ruwa da taki su ne suka fitar da geron da ɗabi'arsu, ba tare da Mahalicci ba, Sanusi ya ce ya fita daga Musulunci, kuma babu saɓani a kan haka. Idan ya ce suna aiki ne da wani ƙarfi da Allah ya ajiye a cikinsu, ya ce ɗan bidi'a ne. Idan ya yarda Allah ne mai yi, amma yana ganin ba zai taɓa yiwuwa a yi shuka da ruwa da taki a rasa amfani ba, ya ce jahili ne da bai gane hukuncin al'ada ba, kuma jahilcin nan zai iya kai shi ga musun mu'ujizar annabawa. Wanda ya tsira shi ne wanda ya ce Allah ne ke fitar da tsiro a lokacin da waɗannan suka haɗu, kuma yana iya hanawa. Manomin da ya taɓa ganin ƙuduji ya cinye gonar da ta sha taki, ko fari ya kama gero yana cikin bunni, ba sai an yi masa dogon bayanin wannan gaɓa ta ƙarshe ba.

Hukuncinsa a kan mutum na biyu shi ne wurin da ya fi tsanantawa, kuma shi ne wurin da ya fi wuyar karewa. Malamai manya sun tafi a kan cewa Allah yana halitta ta hanyar sabubban da ya sanya wa ƙarfi, cikinsu har da Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, wanda ya kafa hujja da yadda Alƙur'ani ke danganta fitar tsiro da ruwan sama. Kafin shi, Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar wa Gazali martani da cewa wanda ya kore sabubba ya kore ilimi, domin ana sanin abu ne da aikin da ya keɓanta da shi, kuma wutar da ba ta da siffar ƙonawa ba ta cancanci sunan wuta ba. Wannan saɓani bai mutu ba. Shi ne yake ƙarƙashin wani ɓangare na muhawarar aƙida da ake ji a masallatai da gidajen rediyon Arewa har yau, ko da masu yin ta ba su ambaci sunan Sanusi ba.

Hujjar da ya ɗauko daga jikin ɗan Adam

A farkon Kubra, da ya tashi kafa dalilin samuwar Mahalicci, bai fara da sammai ba. Ya tura mai karatu ya dubi kansa. Mutum ya san da can babu shi, sannan ya samu. Ya san jikinsa na yanzu ya ninka ɗigon maniyyin da ya fito daga gare shi sau da yawa, to wa ya samar da ƙarin? Ba uba ba ne, domin ba shi da masaniyar abin da ke gudana a mahaifa. Idan aka ce wata ɗabi'a ce a cikin ɗigon, sai Sanusi ya kawo dalili biyu. Na farko, sassan ɗigon duka iri ɗaya ne, ɗabi'a kuma ba ta da zaɓi, saboda haka aikinta a kan abu mai sassa iri ɗaya dole ya zama daidai ta kowace fuska. Da ita ce mai aikin, da mutum ya fito a mulmule kamar dunƙulen fura, babu kai babu ƙafa. Na biyu, da ɗabi'a ce ke sa girma, da mutum ya yi ta girma bai tsaya ba, tunda ɗabi'a ba ta san ya isa ba. Amma ga ido a gurbinsa, ga ƙashi mai tauri kusa da ɓargo mai taushi, ga tsawo ya kai wani matsayi ya tsaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya zama saɓanin yadda yake. Keɓance shi da wannan siffa ban da waccan aikin mai zaɓi ne.

Tambayar da ya ɗora yatsa a kanta ita ce dai tambayar da masana ilimin halittu suka shafe ƙarnoni suna fama da ita: yaya abu mai gaɓoɓi daban-daban yake fitowa daga abin da ba shi da su? Sai dai amsar da suka samu ta rushe ginshiƙan hujjarsa guda biyu. A 1827 Karl Ernst von Baer ya gano ƙwan mace a jikin dabbobi masu shayarwa. A 1876 Oscar Hertwig ya nuna cewa sabon rai yana farawa ne da haɗewar cibiyar ƙwayar namiji da ta mace. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana ƙirar sinadarin gado, wanda jerinsa ke ɗauke da bayanan gina jiki. Ashe ɗigon ba mai sassa iri ɗaya ba ne, cike yake da tsari. Shekara guda kafin haka, a 1952, masanin lissafi Alan Turing na Ingila ya nuna cewa ko da an fara da abu kusan bai ɗaya, sinadarai biyu da ke tasiri a kan juna suna kuma yaɗuwa da sauri daban-daban za su iya haifar da ɗigo-ɗigo da zane-zane, irin na jikin damisa. Tsayawar girma ma an san hanyarta: guringuntsin da ke ƙarshen dogayen ƙasusuwa yakan rufe bayan balaga, a ƙarƙashin sinadaran da jiki ke fitarwa.

Daga irin wannan bincike ne wasu masana falsafa na Ingila suka gina ra'ayin da za a iya kira ɓullowar sabuwar siffa. George Henry Lewes ne ya ba shi suna a 1875, Conwy Lloyd Morgan kuma ya faɗaɗa shi a 1923. Ma'anarsa ita ce idan sassa suka haɗu a wani tsari, sai wata siffa ta bayyana wadda babu ita a ko ɗaya daga cikinsu. Ruwa yana kashe ƙishi, iskoki biyun da suka haɗu suka yi shi ba sa kashewa. Ƙwayar ƙwaƙwalwa guda ba ta tunani, taronsu yana yi. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa halitta ta wadatu da kanta. Shi kuwa Lloyd Morgan, abin mamaki, bai ga haka ba, ya ɗauki ɓullowar kowane sabon mataki a matsayin bayyanar aikin Ubangiji.

Wanda ya karanta Sanusi da kyau zai ga cewa misalinsa na dunƙule ya faɗi, amma ma'anar da ya ba hukuncin al'ada tana nan a tsaye. Abin da ɗakin gwaji ke tabbatarwa shi ne duk lokacin da wannan sinadari ya ƙaru, wancan gaɓa takan fito, idan aka cire shi kuma ba ta fitowa. Wannan haɗuwa ce da maimaituwa, a samuwa da rashi, daidai yadda ya siffanta. Ko akwai wani iko a cikin sinadarin, ko kuwa babu, tambaya ce da madubin ƙara girma ba ya amsawa. David Hume na Sukotlan, wanda ya rasu a 1776, ya isa ga kusan wannan matsaya, cewa sabo ne ke sa mutum ganin dole tsakanin sababi da sakamako, sai dai shi shakka ya fita da ita daga nan, Sanusi kuwa tauhidi. Kuma tambayar keɓancewa ba ta gushe ba, matsawa ta yi baya: me ya sa dokokin suka zama waɗannan ba wasu ba?

Wani abu da masu jingina lalaci ga wannan aƙida sukan manta shi ne yadda mai ita ya rayu. Mutumin da ya ce magani ba ya warkarwa da kansa shi ne ya zauna yana sharhin waƙen Ibn Sina na likitanci, ko da yake bai kammala ba, ya kuma yi wani ɗan littafi a kan maganar nan da ke cewa ciki ne matattarar cuta. Ya yi sharhin waƙen malaminsa al-Habbak a kan usturlabi. Ya wallafa taƙaitaccen littafin mandiƙi da aka yi ƙarnoni ana karantarwa a Fas da Azhar. Ya cike sharhin al-Ubbi a kan Sahihu Muslim. A tsarinsa, al'adar da Allah ya gudanar a halitta abin dogaro ce a aikace, sanin ta ilimi ne, kuma bin ta umarni ne na shari'a. Wanda ya ƙi shuka ko ya ƙi kai ɗansa asibiti da sunan tawakkali ba zai sami mafaka a littattafansa ba. Abin da ya hana shi ne zuciya ta jingina ga garma ko ga allura.

Almajirinsa al-Mallali ya tattara labarin halayensa a wani littafi, wanda Ahmad Baba na Timbuktu ya taƙaita daga baya. Daga nan aka san cewa mutum ne mai yawan azumi da tsayuwar dare, mai gudun fada. An nemi ya karɓi wani abu daga kuɗin shigar makarantar malaminsa Abarkan, ya ƙi. An ruwaito cewa da ya kusa sauke tafsiri, ya shirya raba surorin ƙarshe zuwa kwana biyu, sai ya ji waziri na shirin halartar rufewa, sai ya haɗa su ya gama a rana ɗaya. Duk da haka yakan rubuta wa masu mulki takarda don ceton talakan da ya kawo masa kuka. Yana hana dukan dabbobi, yana kuma kaffa-kaffa da ƙwarin da ke kan hanya kada ya taka su.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. Lokacin da Muhammad bin Abdulkarim al-Magili, ɗan garinsu kuma abokin ɗaukar karatunsa a wajen as-Sa'alibi, ya tayar da batun rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit a yankin Tuwat, malaman Magrib sun rabu. Alƙalin Tuwat, al-Asnuni, ya ƙi amincewa. At-Tanasi ya ba da fatawar da ta goyi bayan Magili, Sanusi kuma ya ƙarfafa ta. An rushe wurin, an kuma zubar da jini. Mai tausayin ƙwaro bai tsaya a gefen masu sassauci ba a wannan karon. Magilin nan shi ne ya iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha a kan sha'anin mulki.

Sanusi ya yi jinyar kwana goma, ya rasu ranar Lahadi, 18 ga Jimada Sani, 895, daidai da 9 ga Mayu, 1490, shekara biyu kafin faɗuwar Garnaɗa. Maƙabartar da aka binne shi a Tilimsan tana amsa sunansa har yau.

Littattafansa sun yi tafiyar da shi bai yi ba. A Azhar, ad-Dasuƙi da al-Bajuri sun yi wa Ummul Barahin hashiya. A tsibiran Indunusiya da Maleshiya an fassara shi, siffofi ashirin suka zama harsashin karatun tauhidi. A nan yankin, Fulani sun mayar da shi karatun baka cikin harshensu, wanda suke kira kabbe, kuma a ƙarshen ƙarni na 17 Muhammad al-Wali bin Sulaiman, malamin Bagirmi, ya mayar da wannan sharhi na Fulatanci zuwa Larabci da sunan Manhajul Farid. A 1970 Joseph Kenny, wani limamin Katolika ɗan Amurka da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Ibadan, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Edinbara a kan Wusɗa.

Sai dai shigowar littafin ƙasar Hausa ta zo da fitina. Sanusi, musamman a Kubra, ya matsa a kan cewa bai kamata baligi ya tsaya ga imanin kwaikwayo ba, sai ya san dalili. Wasu ɗalibai a nan suka ɗauki wannan suka mayar da shi sanda. Sukan tare manomi ko makiyayi su tambaye shi siffofi da hujjojinsu a kan tsarin malaman kalam, in ya kasa su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, aurensa ma akwai magana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda shi kansa ya karanta littattafan Sanusi, ya tashi tsaye a kan waɗannan mutane. Ya yi musu raddi a littattafai da dama, cikinsu har da Hisnul Afham, yana nuna cewa duk wanda ya furta shahada ya kuma bayyana Musulunci ana yi masa hukunci da zahirinsa, kuma Annabi (SAW) da sahabbai ba su taɓa titsiye mutanen ƙauye da irin waɗannan tambayoyi ba. Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labarin wannan gwagwarmaya a Infaƙul Maisur. Shehu bai yar da littafin ba, masu dukan jama'a da shi ya yaƙa, kuma Ummul Barahin ya ci gaba da zama cikin karatun zaure a daular da almajiransa suka kafa, wadda masarautar Kazaure ta Ɗantunku ke cikinta.